Zama a Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Cefane, Girki da Maƙwabtaka

Waɗannan su ne tambayoyin da sababbin zuwa suka fi yi, musamman ɗaliban da suka ɗauko iyalansu, da likitoci da ma'aikatan jinya da aka ɗauka aiki, da matan da suka biyo mazajensu zuwa Jidda, Makka, Madina ko Riyad. Da yawansu sun taɓa zuwa Hajji ko Umara, don haka suna ganin sun san ƙasar. Amma alhaji baƙo ne da ake dafa wa abinci, a kai shi, a dawo da shi, alhali mazauni shi zai nemo gas idan ya ƙare ana tsakiyar girki, shi zai san lokacin da ruwa ke ɗaukewa, kuma shi zai koyi yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. A Jidda nake zaune, saboda haka misalaina sun fi karkata ga yankin Hijaz, wato ɓangaren Makka, Madina da Jidda.

Wane lokaci ya fi dacewa a fita cefane da sauran hidimomi?

Tun shekarar 2013 ranakun hutun mako su ne Juma'a da Asabar, kuma aiki yana farawa ranar Lahadi. Duk abin da ya shafi banki ko ofishin gwamnati a yi shi da safe tsakanin Lahadi da Alhamis. Safiyar Juma'a kuwa gari tsit yake, yawancin shaguna ba sa buɗewa sai bayan an sauko daga masallaci, wasu ma sai la'asar.

A da, da zarar an kira salla kowane shago yake rufewa. Daga 2021 an sassauta wannan, manyan kantuna da gidajen mai da yawa suna ci gaba da aiki, amma ƙananan shagunan unguwa har yanzu da dama suna sauke ƙofa, don haka wanda ya fita daf da magariba yana iya tsayawa jira sau biyu, na magariba da na isha. Mutanen ƙasar sun fi fita bayan sallar isha, saboda zafin rana ba abin wasa ba ne. Har doka ce ta hana sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Idan azumi ya kama kuwa, dare ne ke komawa rana, ana ciniki har kusan sahur. Ni dai na fi son fitar sassafe bayan asuba, lokacin da kayan miya ke sauka sabo kuma titi babu cunkoso.

A ina ake sayen kayan gida?

Wuri uku ne, kuma kowanne da amfaninsa. Na farko shi ne bakala, wato ɗan shagon da kusan kowane layi yake da shi, inda ake samun burodi, ƙwai, madara, laban (nonon sha mai ɗan tsami), sabulu da katin waya. Yawancin masu tsaron bakala baƙi ne kamarmu, 'yan Indiya, Bangaladash ko Yaman, kuma idan aka saba da su sukan aiko da kaya har ƙofa idan an kira su a waya. Na biyu su ne manyan kantuna irin su Panda, Danube, Bin Dawood, Othaim da Lulu, inda ake sayen shinkafa buhu, mai, sukari da kayan wanki. Suna yin rangwame kowane mako, kuma suna cika maƙil a ƙarshen wata saboda ma'aikatan gwamnati suna karɓar albashi ranar 27. Na uku ita ce halaga, babbar kasuwar kayan lambu, kamar ta Ka'akiyya a Makka, inda ake sayar da tumatir, albasa, dankali da lemo kwali-kwali. Iyali ɗaya ba zai cinye kwalin tumatir kafin ya lalace ba, shi ya sa matanmu sukan haɗa kuɗi gida biyu ko uku, a sayo a raba, a markaɗa a dafa a sa a firji.

Yaya batun kuɗi da ciniki?

Riyal ɗaya halala 100 ne, kuma tun 1986 an ɗaure shi da dalar Amurka a kan riyal 3.75, don haka farashinsa ba ya tsalle kamar yadda muka saba gani a gida. Kusan ko'ina ana biya da katin banki na mada ko da waya, har a bakala. Akwai harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari tun watan Yulin 2020, kuma a kantuna an riga an sa shi cikin farashin da ke rubuce. Ba a taya kaya a kanti ko a kantin magani, amma a halaga da tsofaffin kasuwanni irin na Bab Makka da Balad a Jidda ana tayawa, sai dai ba irin tayin rabin kuɗi na kasuwar Kwari ba. Ana tambayar "kam akhir?", wato nawa ne na ƙarshe, a rage ɗan abu, a rabu lafiya.

Shin zan iya yin tuwo da miya kamar a gida?

Ƙwarai kuwa, kuma da sauƙi fiye da yadda ake zato, matuƙar mutum ya san sunan da ake kiran abin da yake nema. Tuwon shinkafa ya fi kyau da shinkafar Misira, ruz masri, mai gajeren ƙwaya, domin tana yin laushi ta kama jikinta. Doguwar basmati da ake yin kabsa da bukhari da ita ba ta tuƙuwa komai daɗewarta a wuta. Samid yana maye gurbin garin semo. Gero shi ne dukhun, dawa kuma zura, kuma ana noma su a yankin Jazan da ke kudancin ƙasar, saboda haka garinsu yana samuwa wajen masu niƙa da masu sayar da kayan ƙamshi, waɗanda ake kira aɗɗar. Da wannan ake dama koko da kunu, ana ma yin fura a dama da zabadi (yogot) ko laban.

Kuɓewa ɗanya ita ce bamiya, ana samunta kusan duk shekara. Lalo shi ne mulukhiyya, ana sayar da shi ɗanye, busasshe, ko yankakke a daskare. Wake fari shi ne lubiya, kuma yana yin ƙosai da alala yadda ya kamata. Zoɓo karkade ne, tsamiya tamar hindi, citta zanjabil. Attaruhu mai zafin da muke so ba kullum yake samuwa a bakala ba, amma kantunan da 'yan Asiya ke yawan shiga ba sa rasa barkono mai zafi.

Shawarata ga duk mai sabon zuwa ita ce ya nemi shagon 'yan Sudan mafi kusa da shi kafin ya nemi komai. Abincinsu ɗan'uwan namu ne: suna da busasshiyar kuɓewa dakakkiya da suke kira waika, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da suke kira dakwa wadda ke yin miyar taushe da kunun gyaɗa, da 'ya'yan kuka, da kanwa, da busasshen nama. Abin da ya rage, wato kuka, daddawa, manja, garin rogo da yaji, ana samunsu a shagunan 'yan Afirka ta Yamma da kuma hannun matan da suka daɗe a nan, amma da tsada, kuma manjan ba koyaushe yake da kyau ba. A ɗanɗana kafin a saya.

Me ya kamata in taho da shi daga gida, me kuma ya kamata in bari?

A taho da busassun abubuwa marasa nauyi: kuka, daddawa, yajin ƙuli, karkashi, kimba, masoro da busasshen kifi ko crayfish ɗan daidai, a ƙulle su sosai a leda biyu don kada tufafi su ɗauki wari. Muciya da rariya da tandar masa ma sun cancanci gurbi a jaka, domin ba a cika samun irinsu a nan ba.

Goro kuwa a bar shi. Hukumar alhazai ta Nijeriya tana sa shi cikin abubuwan da take gargaɗin maniyyata kada su ɗauko. Magani a taho da shi a cikin kwalinsa tare da takardar likita, kuma a guji irin su Tramadol kwata-kwata. Abu mafi muhimmanci shi ne kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, kuma ko saƙon ɗan'uwa ne a buɗe shi a gabansa, a ga abin da ke ciki da ido. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma kunyar da za ta hana mutum buɗe jakar wani ba za ta tsaya masa a gaban alƙali ba.

Nama da kifi fa?

Kaza ita ce mafi araha, ɗanya ko daskararriya, sai dai mai laushi ce, ba ta jure doguwar dahuwa irin ta kazar gida. A wajen mahauci za a ji sunayen raguna daban-daban: na'imi, najdi da harri na ƙasar ne kuma sun fi tsada, sawakni daga Sudan yake zuwa, barbari kuma daga Somaliya. Naman ɗan raƙumi, hashi, yana da daɗi a farfesu. Kai da ƙafa da kayan ciki suna samuwa, amma sai an tambaya. Yanka a harabar gida ko a kan titi ba a yarda da shi ba, ko da na suna ne ko na layya. Ana kai dabbar mayanka ne a yanka a feɗe. Mai son kifi a Jidda ya nufi babbar kasuwar kifi ta bakin teku da ake kira Bangala da safe, inda za a gyara masa shi a nan take.

Ana shan ruwan famfo? Yaya gas da wutar lantarki?

Yawancin ruwan Jidda da Makka ruwan teku ne da aka tace a tashar Shu'aiba. Yana taruwa a tankin ƙasa na gida, a tura shi tankin sama, saboda haka da rana a lokacin zafi yana fitowa da zafin da sai an tara a bokiti ya huce kafin a yi wa yaro wanka. Da shi ake wanka da wanki, amma na sha da na girki yawancin mutane suna sayen manyan jarkoki ne ko su sa matata a kicin. Idan tankin gida ya ƙafe ana kiran tankar ruwa, wayit, kuma sau da yawa mazauna gidan ne ke haɗa kuɗin.

Tukunyar gas ana musanya ta ne, a kai fanko a karɓo cikakkiya. Mai hikima yana ajiye biyu. Wuta ba ta cika ɗaukewa ba, amma kuɗinta yana hawa sosai a watannin zafi saboda na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. A wasu tsofaffin gidaje har yanzu akwai soket mai ƙaramar wuta a gefen na 220, don haka a tambaya kafin a jona injin markaɗe.

Duk waɗannan suna bi ta hannun mutum ɗaya, wato haris, mai gadin gidan. Shi ke kiran wayit, shi ke wanke matakala, shi ya san mai gyaran famfo da mai gyaran wuta, kuma shi zai hau maka da tukunyar gas hawa na uku. A gaishe shi da sunansa, a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, a tuna da shi idan an yi girki mai daɗi. Shi ma baƙo ne da ya baro iyalinsa a wata ƙasa.

Ƙamshin girkinmu ba zai dami maƙwabta ba?

Yana iya damun su, kuma gara a faɗi gaskiya. Gidajen nan sassa ne a cikin bene ɗaya, tagogi a rufe, iska ba ta zagayawa, don haka daddawa da busasshen kifi da suyar manja suna cika matakala tun daga ƙasa har sama. Maganin abin shi ne a kunna fankar da ke fitar da hayaƙi, a rufe ƙofar kicin, kada a buɗe ƙofar waje don hayaƙi ya fita, sannan a sa turaren wuta bayan an gama, wanda su ma al'adarsu ce. Daka a turmi kuwa yana sauka kai tsaye a kan na ƙasa da kai. A shimfiɗa tsumma mai kauri a ƙarƙashin turmin, kuma a guji yin sa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da mutane ke barci, ko da sassafe ranar hutu.

Na yi watanni ban san maƙwabtana ba, kowa ƙofarsa a rufe. Ƙyamata suke yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa da ƙuncin zuciya, musamman daga mata. Wadda ta tashi a gidan da maƙwabciya ke shigowa da sallama kawai, ta ɗebi wuta, ta ari rariya, ta zauna a yi hira ana tsinke zogale, idan ta wayi gari a cikin ɗaki huɗu babu mai leƙo ta, sai ta ga kamar an yi mata yaji ne. Mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Mutanen nan suna da tsananin kiyaye sirrin gida, ba a zuwa gidan mutum ba tare da sanarwa ba ko da ɗan'uwa ne, kuma barin maƙwabci ya sake a gidansa, a wurinsu, girmamawa ce. Ba na musun cewa akwai masu raina baƙar fata ko baƙo, kuma wanda ya daɗe a nan ya gamu da su. Amma kuskure ne a fassara kowace rufaffiyar ƙofa da haka.

Ga namiji, hanyar shiga ita ce masallacin unguwa. Wanda ake gani a sahu asuba da isha, cikin 'yan makonni za a fara tsayawa ana gaisawa da shi, a tambaye shi daga ina yake, wata rana a ce "tafaddal" zuwa shan gahawa. Ana kiran mutum da sunan babban ɗansa, Abu wane ko Ummu wane, kuma su ma za su so su san sunan ɗanka don su kira ka da shi. Dattijo ana ce masa "ya ammi", dattijuwa "ya khala". Namiji ba ya tsayawa hira da matar maƙwabci, ba ya tambayar sunanta, kuma idan ya tarar da mace ita kaɗai a lifta ya fi kyau ya jira ta wuce. Idan zai tambayi lafiyar gida, sai ya ce yaya iyali kawai. Idan ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya koma gefe don kada idonsa ya faɗa cikin gida.

Ga mace kuwa, yara da abinci su ne 'yan aike. Wata baiwar Allah 'yar Katsina da ke hawa na biyu a gidan da nake ta aika ɗanta da farantin masa da miyar taushe zuwa ƙofar da ke kallon tata, daf da buɗa baki a farkon azumi. Washegari farantin ya dawo da sambusa da kwanon shurba, kuma bayan kwana biyu tsohuwar gidan da kanta ta ƙwanƙwasa tana cewa, "Ya binti, wannan farin abin da me ake yin sa?" Yanzu idan 'yar Katsinan za ta asibiti, a can take barin yaranta. Musayar abinci tsakanin maƙwabta a watan Ramadan tsohuwar al'ada ce a Hijaz, kuma ba a mayar da faranti fanko. A rage yaji a abin da za a aika, a kuma faɗi abin da ke ciki saboda masu rashin jituwa da gyaɗa.

Idan aka gayyace ni gida, me ya kamata in kiyaye?

A cire takalmi a ƙofa. Maza suna zama a majalisa, mata a ciki, a yawancin gidaje. Za a fara da gahawa da dabino, ana zuba ɗan kaɗan a ƙaramin finjali, a karɓa da hannun dama. Idan ya ishe ka sai ka girgiza finjalin kaɗan lokacin miƙa shi, in ba haka ba za a ci gaba da ƙara maka. Abincin dare yana iya kaiwa ƙarfe goma ko fiye. A je da ɗan tsaraba, kamar kayan zaƙi ko dabino mai kyau. Kada a ɗauki hoton kowa ko na cikin gida ba da izini ba, domin ban da rashin ladabi, laifi ne a dokar ƙasar, har a kan titi.

Gaskiya ne akwai Hausawan da a nan aka haife su?

Gaskiya ne, kuma suna da yawa. Kakanninsu sun zo aikin Hajji ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya, wasu bayan shekaru a hanya, kuma an sami ƙarin masu hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Shi ya sa za a ji sunayen dangi irin su Hausawi, Fallata da Barnawi. Usama Hausawi ne ma ya riƙe kambun ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Tsiren da suka kawo ya zama abincin Makka, ana kiransa siriyya. A Makka an san su da wajen titin Mansur da Hindawiyya, a Jidda kuma da Karantina da Sabil da Gulail, sai dai rushe tsofaffin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021 ya warwatsa mutane da shagunansu zuwa wasu wurare.

Wasu 'yan ƙasa ne, wasu suna da iƙama, wato takardar izinin zama, wasu kuma suna cikin matsalar takardu. Kada a tambayi mutum matsayinsa, kuma kada a ɗauka dole ya amsa da Hausa don an gan shi baƙi. Wani yana jin ta amma ba ya son yin ta a bainar jama'a, wani kuma kakarsa ce kawai ke ji. A yi sallama da Larabci, idan ya juya harshe sai a bi shi.

Mace za ta iya fita hidimarta ita kaɗai?

Za ta iya. Mata suna tuƙi tun watan Yunin 2018, kuma akwai motocin haya na manhaja irin su Uber da Careem. Riyad ta sami jirgin ƙasa na cikin gari a Disamban 2024, jirgin ƙasa na Haramain kuma yana haɗa Makka, Jidda da Madina tun 2018. Abin da kowa, mace ko namiji, bai kamata ya fita babu shi ba shi ne iƙama, ko katin ko wadda ke cikin Absher, manhajar gwamnati ta waya.

Zan iya dafa abinci in sayar daga gida?

Mutane suna yi, amma ya kamata a san cewa wadda ta zo a matsayin iyalin wani ba ta da izinin sana'a, ma'aikaci kuma ba shi da izinin yin aiki ga wanda ba shi ya ɗauko shi ba. Talla a bakin titi ko a ƙofar masallaci tana jawo kamu da tara, har da mayar da mutum gida. Na san kuɗin da magidanci ke biyan gwamnati a kan kowane ɗan rakiya, wato mata ko ɗan da ya ɗauko, wanda ya kai riyal 400 a wata tun 2020, yana matsa wa magidanta, kuma shi ke tura wasu neman ƙari. Duk da haka, a nemi shawarar wanda ya san doka kafin a fara.

Idan rashin lafiya ko rasuwa ta faru cikin dare, wa zan kira?

Motar asibiti 997, 'yan kwana-kwana 998, 'yan sanda 999, kuma a yankunan Makka da Riyad lambar 911 tana haɗa su duka. Lambar 937 ta ma'aikatar lafiya ce, ana samun shawarar likita a kanta. A rubuta adireshin gida da Larabci a manna a bayan ƙofa, domin a lokacin ruɗewa ko mai jin Larabci yana mantawa. A kuma ajiye lambar haris da ta maƙwabci ɗaya da ta shugaban al'ummar 'yan ƙasarku a garin.

Idan rasuwa ce, ba a jana'iza sai an kammala takardun asibiti da na hukuma, kuma ana buƙatar wasiƙa daga ofishin jakadanci, wanda ga 'yan Nijeriya yake Riyad, da ƙaramin ofishi a Jidda. Idan kuma a gidan maƙwabci aka yi rashin, zaman makoki kwana uku ne, yawanci tsakanin magariba da isha. Ana shiga a bi layin masu karɓar gaisuwa a ce "azzamallahu ajrakum", a zauna kaɗan, a sha gahawa, a tashi. Ba a jiran gayyata a wannan, kuma ko ba ku taɓa magana da mutanen gidan ba, a je.